Gyaran da Aka Ba Mu a Zuba

Ƙarfe bakwai da minti goma sha huɗu na safiyar Litinin motar ta fara rawa. Na san lokacin daidai saboda na duba agogo, kuma da na samu wurin tsayawa na rubuta shi a bayan littafin darasina. Na baro Kubwa ke nan, na hau babban titi na nufi Zuba, allurar gudu ta taɓa tamanin, sai sitiyari ya fara karkarwa a hannuna kamar mai jin sanyin zazzaɓi. Madubin tsakiya ya ɗauka, motocin da ke bayana suka zama bibbiyu. Awarwaron da ke hannuna suka shiga bugun juna, cas-cas-cas.

Na rage zuwa sittin, rawar ta tsaya. Na ƙara, ta dawo. Sau uku na yi haka kafin Dei-Dei, don ni abu bai tabbata a wurina ba sai ya maimaita kansa sau uku. Daga nan na gangara gefen titi, na rubuta, na zauna ina kallon makullin kamar muna sallama.

Wata biyar ke nan da makullin nan ya zo hannuna. Kafin shi, shekara uku na yi ina zuwa makaranta a motar haya, daga gidanmu a Kubwa zuwa Gwagwalada, hawa uku sauka uku. Tsayuwar tasha ba ta dame ni ba, matsi ma haka, tunda ina da littafi a jaka. Abin da ya gagare ni shi ne sauka. Dole mutum ya ɗaga murya a cikin baƙin fuskoki ya ce akwai mai sauka. Nakan shirya maganar tun daga nesa, in gyara murya, in buɗe baki, sai in ga wurin saukata ya wuce ta taga. Sai in jira wani ya nemi sauka, in bi bayansa kamar dama nan na nufa, in tako da ƙafa in dawo. Akwai ranar da ba wanda ya nemi sauka har muka kusa Kwali. Ranar na rasa gwajin ƙarfe tara.

Da labarin ya kai kunnen Abba, sai ya ce zai ba ni tsohuwar motarsa in ƙarasa shekarar ƙarshe da ita, amma sai ya gwada tuƙina. Gwajin Abba ba irin na kowa ba ne. Ya cika kofin shayi, saura kaurin yatsa ya kai baki, ya zauna a kujerar gaba cikin farar shadda, ya riƙe kofin a kan gwiwarsa, ya ce in kai mu Zuba in dawo da mu, kuma kar in yi masa tafiyar masu tallan magani. Dole sai allura ta taɓa ɗari. Ko ɗigo bai zuba ba. A ƙofar gida ya shanye shayinsa ya miƙo makulli.

"Sharaɗi ɗaya ne," ya ce. "Shekara goma sha shida tana hannuna, ko tari ba ta taɓa yi ba. Duk ƙarshen wata zan sake hawa. Ranar da shayin nan ya taɓa rigata, kin koma tasha."

Bai taɓa mantawa da ƙarshen wata ba. A wannan karon ofis ya tura shi kwas na sati uku a Jos, kuma Lahadin da zai dawo ita ce ƙarshen wata. Na ƙirga a gefen titin nan: kwana goma sha uku.

Abin da ya samu motar kuwa yayana ne. Ya girme ni da shekara huɗu, ya gama hidimar ƙasa yana zaman jiran aiki, kuma har lokacin bai huce ba da aka tsallake shi aka ba ni makulli. Abokinsa zai yi aure ranar Asabar, za a yi jerin gwanon motoci zuwa Gwarinpa, ya ce shi ba zai shiga sahu da baƙaƙen ƙafafun ƙarfe masu kama da murhu ba. Ya bi ta wurin Umma, Umma ta biyo ta wurina.

"Ɗan'uwanki ne, kwana biyu kacal."

Ni kuwa ban iya cewa a'a ba, ko a motar haya ko a falo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya dawo daga kasuwar kayan mota ta Zuba da kwali huɗu. Ya farke su a tsakar gida, ya zaro sababbin ƙafafu, rim huɗu masu ƙyalli, irin masu yatsu biyar ɗin nan, ya loda su a but ya tafi wurin mai facin bakin layinmu. Kwalayen ya bar wa Umma, wadda ba ta taɓa barin kwali mai kyau ya fita daga gidanta ba. A ƙasan na ƙarshe ta sami wata 'yar leda. Ta buɗe, sai ga awarwaro huɗu, ruwan zinari, marasa nauyi.

"Kin gani ko?" ta ce. "Mai shagon nan Bakano ne, ko ba a faɗa mini ba. Ya ga namiji ya zo sayen ƙarfe, ya tuna akwai mata a gida. Ga gyara."

Umma a Kano ta tashi, kuma shekara ashirin da ta yi a Abuja ba abin da take kewa kamar gyara, 'yar ƙarin nan da mai kaya ke jefa maka bayan an gama ciniki. Takan ce mai tumatir a Kubwa in ka ce ya yi gyara, sai ya gyara maka zaman tumatir ɗin a leda ya miƙo. Ta gwada awarwaron suka ƙi wuce mata yatsu. Ta kamo hannuna, ta shafa masa sabulu, ta tura biyu dama biyu hagu.

"Ke da ba ki da ado sai tabarau. Kar in ga kin cire."

Na duba su kamar yadda nake duba komai. Gefe ɗaya yana da ɗan leɓe, a ciki kuma an zana wasu lambobi ƙanana: saba'in da uku da ɗigo ɗaya, sittin da ɗigo ɗaya. Na tambayi Umma, ta ce lambar 'yan Dubai ce. Na kwafe lambobin a littafi, na bar zancen.

An yi biki lafiya, Yaya ya ce ba wanda bai yaba ƙafafun ba. Bai ji wata rawa ba, domin a rakiyar amarya ba mai wuce arba'in, kowa fitila yake kunnawa yana danna hon.

Da na dawo ranar Litinin ɗin na same shi a falo yana latsa waya.

"Yaya, tana rawa."

"Wa?"

"Motar."

"Hannunki ne ke rawa, malama. Ke da ko gaisuwa za ki yi sai muryarki ta yi rawa."

"To a mayar da tsofaffin ƙafafun kafin Abba ya dawo."

Ya sosa ƙeya. Umma ce ta ba ni amsa, ta nuna mini tsakar gida da ludayi. Tukunyar miya na tafasa a kan gawayi, cikin wani baƙin murhu mai ƙafa uku da na ji kamar na taɓa saninsa. Ashe tun ranar Asabar Yaya ya kai wa mai walda tsofaffin ƙafafun aka mayar da su murhu. Ɗaya tana gidanmu, ɗaya tana wurin mai gasa masara a mahaɗa, biyu sun tafi da maƙwabciyarmu mai tuyar doya.

"Ba ki ga yadda yake riƙe wuta ba," in ji Umma. "Shekara nawa Abbanku yana jan murhu a titi bai sani ba."

Na gane yadda rabon ya kasance. Sababbin ƙafafu laifin Yaya ne, zai sha faɗansa ya kakkaɓe riga. Shayi kuwa nawa ne.

Na ɗauki sabon littafi na ja layi huɗu: rana, titi, gudu, da ƙarfin rawa. Na huɗun ya ba ni wuya don ba ni da abin aunawa, sai na lura awarwaron sun fi ni ji. In rawar ƙarama ce, na hagu kaɗai ke ƙara. In ta yi ƙarfi duka huɗun su ɗauka. In ta kai maƙura har tabarau ya gangaro kan hancina. Na ba su maki ɗaya, biyu, uku. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har na yi wa mai shagon addu'a a raina.

Na fara da mai facin layinmu, tunda shi ya ɗaura su. Mutum ne da bai yarda da ma'aunin iska ba, da sifana yake bugun taya ya kasa kunne. Ya buga huɗun, ya ce iska ta yi yawa, ya rage. Washegari na koma, ya buga, ya ce iska ta yi kaɗan, ya ƙara. Na buɗe littafi zan nuna masa cewa jiya ga abin da ya ce, sai na ga yana kallona, na rufe na ce na gode.

Ranar Alhamis na je wurin masu balansin a Dei-Dei, inda ake ɗora taya a kan na'ura ta juya a ga ta ina ta fi nauyi. Mai wurin Hausar kasuwa yake yi, irin wadda kowa a cikinta "kai" ne. Ya kwance tayoyin, ya juya kowace, ya manna mata 'yan guntayen dalma, allo ya nuna sifili biyu.

"Madam, duba da ido naka. Kwamfuta ya ce babu komai. Wannan taya yanzu ko jirgi ka sa masa zai tashi."

Na hau titi, tamanin ta zo ta wuce shiru. Na fara hamdala ke nan, a casa'in tabarau ya sauko. Washegari na koma, na tsaya kusa da shi minti goma sha ɗaya ina jira ya lura da ni. Ya sake kwancewa, allo ya sake nuna sifili biyu, ya sake ɗaurawa.

"Kwamfuta ba ya ƙarya, madam. Mota lafiya. Wataƙila kai ne. Ka ci abinci da safe?"

A hanyar gida rawar ta sauko saba'in da biyar.

Ina da ƙawa ɗaya a makaranta, 'yar Kafanchan, da nake ɗauka a Zuba kowace safiya. Maganar da Allah ya rage mini ita ya ƙara wa. Ita rawar ba ta dame ta ba, ta ce tana sassauta mata baya, kuma in tana waƙar coci muryarta tana fita da wata karkarwa da ta daɗe tana nema. Amma da ta ga na daina cin abincin rana, sai ta kai ni wurin wani bakanike da ta sani a Gwagwalada. Ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya tashi ya girgiza motar da hannu biyu, sannan ya lissafa mini sunan duk ƙarfen da ke ƙarƙashinta, tun daga shokazoba har abin da ban iya rubutawa ba. Ya ce a bar ta sati guda a sauke gaban gaba ɗaya.

Ni na riga na fara gyaɗa kai. Ƙawata ta shiga gabana.

"Oga, tsaya. Ranar Alhamis ta kafin biki motar nan lafiyarta ƙalau. Juma'a aka sa mata sabon takalmi. Kai in takalmi ya matse ka, cikinka ake yankawa?"

Ya ce matsalar mata ke nan, ba su san mota ba. Ta ce shi ya sa ba mu lalata ko ɗaya ba. Ta ja hannuna muka tafi, awarwaro na ƙara.

Umma tata fahimtar daban. Ta ce baki ne: an shiga da mota biki, kowa yana cewa ta yi kyau, ba mai cewa tubarkalla. Ta yi tofi a ruwa ta yayyafa wa kowace taya, ta ƙara wa rim ɗin tunda su aka kalla. Ranar ce kuma mai faci ya ce bari ya gwada wata dabara, ya mayar da ƙafafun gaba baya, na baya gaba. Rawar ta koma tamanin da biyar, kuma ta bar sitiyari ta dawo kujera. Mai faci ya ce aikinsa ne. Umma ta ce an samu sauƙin goma, a ci gaba da addu'a.

Abba yakan kira bayan sallar la'asar. Yakan tambayi Umma, ya tambayi karatu, sannan ya zo kan abin da ya kira dominsa.

"Ya mota?"

"Tana nan, Abba."

Ban yi ƙarya ba, tana nan ɗin.

"Madalla. Na samo wani kofi a nan Jos, mai faɗin baki, za ki gan shi."

Ranar Laraba ta biyu na ce bari in san matsayina. Na cika kofi da ruwa na ba ƙawata ta riƙe. Kafin mu kai Giri ta jiƙe har gwiwa, ruwan da ya rage a kofin bai isa kurkure baki ba. Ta matse bakin siket ɗinta, ta dube ni da tausayi.

"Ƙawata, mu fara gwaji tun yanzu. Ce, akwai mai sauka."

Ban yi dariya ba. Na tuna Kwali.

Alhamis bayan darasi na shiga ɗakin karatu, na zauna a kujerata ta lungu, na buɗe littafin daga farko. A nan ne kawai nake da ƙarfi, inda ba mai kallona. Na ga rawar ba ruwanta da birki, ko na taka ko ban taka ba ɗaya ne. Ba ruwanta da inji, don na taɓa cire giya a wani gangare motar na tafiya da kanta, rawar ba ta ragu ba. Amma duk ranar da aka kwance ƙafafun aka sake ɗaurawa, sai ta canza gudun da take zuwa: tamanin, casa'in, saba'in da biyar, tamanin da biyar. Iska ba ta canza ta ba, tofi ma ba zan iya cewa ba. Ashe ba tayar ce ke da laifi ba, zamanta ne.

Da wannan na shiga waya na yi ta karatu. Ramin da ke tsakiyar irin waɗannan rim ɗin na kasuwa ana yin sa da faɗi, don ya shiga motoci iri-iri. Kan ƙarfen da rim ke zama a kai a motarmu ya fi ramin ƙanƙanta. In ba a cike giɓin ba, rim yakan zauna a ɗan karkace, ko da kaurin farce ne, notuna su ɗaure shi a haka, kowace ɗaurawa da irin karkacewarta. Na'urar balansin ba za ta gani ba, domin a kanta tayar tana zaune daidai. Abin da ke cike giɓin wani zobe ne da suke kira ring, ɗaya ga kowace ƙafa, kuma yawanci tare ake sayar da su. Har da hotonsa: baƙin roba, mummuna, kamar bakin bututun ruwa.

Ban san lokacin da na kai gida ba, duk da a sittin na tafi. Umma ta riga ta cika kwalayen da busasshiyar kuɓewa da kuka da takardunmu na firamare. Na tura awarwaron sama don kada su riƙa maƙalewa, na juye kwali huɗu a tsakar ɗaki, na bi kowane lungu da yatsa. Babu.

"Umma, ba ki ga wasu baƙaƙen zobba na roba a ciki ba?"

"Ban da gyaran da bawan Allah ya sa mana, ba abin da na gani. Ki mayar mini da kuɓewata yadda kika same ta."

Na koma kan Yaya.

"Mai shagon bai yi maka maganar wani ring ba?"

Ya ajiye wayar, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Ke ma aiko ki ya yi? Tsohon nan, a gaban abokaina uku, na gama loda kaya, ya ɗaga murya ya ce, samari, kar ka manta da ring, in ba ka sa ring ba motar nan ba za ta ba ka lafiya ba. A gaban mutane! Motar da ko hayaƙi ba ta yi!"

A bakin makanikai, in aka ce mota tana son ring, to an ce injinta ya gaji ke nan, tana shan baƙin mai tana hayaƙi, sai an sauke shi. Ba a faɗa wa saurayi haka ana gobe biki. Yaya ya ce masa injinsa ya fi shagon lafiya, ya kuma rantse ba zai sake taka layin ba.

"Ba ring ɗin inji yake nufi ba, Yaya. Na ƙafa."

"Ƙafa tana da fistin ne? Ke komai sai kin karanto. In kina so ki je da kanki. Layi na uku bayan masu gilashi, shagon da ya rataye rim kamar faranti."

Juma'a ina da gwaji har yamma. Asabar ƙawata ta tafi gida bikin 'yar'uwarta. Saura ni kaɗai, saura kwana ɗaya.

Na rubuta abin da zan faɗa a shafin ƙarshe: "Alhaji, ina kwana. Kayan da ka sayar wa yayana ba su cika ba." Shekarata ashirin da biyu ban taɓa ce wa babba bai yi daidai ba. Na yi ta maimaitawa daga Kubwa har Zuba. A Dei-Dei na ga "ba su cika ba" ta yi tsauri, na mayar da ita "kamar ba su cika ba". Kafin in shiga kasuwa ta zama "wataƙila mu ne ba mu gani ba".

Kasuwar kayan mota ba wurin mai kunya ba ce. Ban gama kashe mota ba aka kewaye ni.

"Hajiya, me kike nema?"

"Anti, zo nan, ina da shi!"

"Ka san me take nema ne?"

"Ko me ne ne ina da shi!"

Na rungume littafina na bi ta tsakaninsu ina ba kowa haƙuri. Layi na uku bayan masu gilashi na ga shagon, rim a rataye jere-jere. Wani dattijo mai farin gemu na zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa, rediyo na magana a gefensa. Na gaishe shi sau biyu, ta biyun ya ji. Ya amsa da fara'a, ya ce me za a ba ni.

Maganar da na haddace ta gudu. Ba "ba su cika ba", ba "kamar", ba "wataƙila". Sai na yi abin da na iya, na buɗe littafi daga shafin farko na fara karantawa.

"Litinin, ƙarfe bakwai da minti goma sha huɗu, titin Kubwa, tamanin, maki biyu. Talata, an rage iska, tamanin, maki biyu."

Ya kashe rediyo. Maƙwabtan shago biyu suka matso, wani ya jawo kujera. Na ci gaba, na bi ta Dei-Dei, na bi ta Gwagwalada, na tsallake tofin Umma. Amma na lura dattijon ba fuskata yake kallo ba, ba kuma littafin ba, hannuna yake kallo. Na ja hijabi na rufe. Da na zo juya shafi hannun ya sake fitowa, cas-cas, idonsa ya bi shi. Kunya ta kama ni, sai kuma wani abu mai kama da haushi ya biyo bayanta. Kwana goma sha biyu ina fama, gobe Abba na tafe da kofi mai faɗin baki, shi kuma tsoho yana kallon adon mata. Na rufe littafin.

"Alhaji, ba ka sa mana zobban ba!"

Ban san ina da wannan muryar ba. Har wani mai gilashi sai da ya leƙo. Da a motar haya ce da direba ya taka birki nan take.

Dattijon ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa a hankali.

"Ke ce ƙanwar mai injin da ya fi shagona lafiya?"

"Ni ce."

"Ɗago hannunki in gani, 'yata. Ba taɓawa zan yi ba. Waɗannan fa, daga ina?"

"Gyaran da ka sa mana ne a kwali." Muryata ta koma wurin zamanta. "Umma ta ce a yi maka godiya. Ta ce ka san darajar mutane."

Ya juya mini baya ya fuskanci bango. Kafaɗunsa suna ta rawa, kuma ko ba a auna ba maki uku ne. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya tashi ya shige shagonsa da sauri, na ji wani sauti kamar an shaƙe akuya.

"Akwai rubutu a cikinsu?" in ji dattijon, bai juyo ba.

Wannan ba sai na duba littafi ba. "Saba'in da uku da ɗigo ɗaya, sittin da ɗigo ɗaya. Lambar 'yan Dubai ce."

Washegari shayin Abba bai taɓa shaddarsa ba, duk da faɗin bakin kofin, kuma makullin ya zauna a hannuna har na gama makaranta. Zancen sababbin ƙafafu tsakaninsa da Yaya aka yi shi, ƙofa a rufe. Umma har yau in an tuna mata takan ce Abuja ta ɓata kowa, har Kanawa sun koyi karɓe gyara. Amma a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina tsaye ne kawai a layi na uku, hannuna a ɗage kamar mai jiran lalle ya bushe, har dattijon ya juyo, ya share ido da bakin rigarsa.

"'Yata, karatunki daidai ne, ba ki kuskure ko layi ɗaya ba. Zobe huɗu kike nema, huɗu na sa a kwali. Na roba zafin birki yana cinye su, shi ya sa na ba ku na alminiyam. Babbar lambar ta ramin rim ce, ƙaramar ta motarki. Ki gaya wa Hajiya na gode da godiya, kuma ba ta yi kuskure ba, gyara ne, amma na mota. A kawo sabulu ki cire mini su."